Jinin Murtala da I'izarin da Ba Mu Ji Ba

Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a ƙasar nan tamu, ko da a kan rigimar iyakar gona ce ko bashin buhun gero, ya san akwai wata tambaya wadda alƙali masani ba ya yanke hukunci sai ya yi ta. Bayan an ji da'awa, an ji shaidu, an ba wanda ake ƙara damar sukar su, sai alƙali ya dube shi a gaban adilai biyu ya tambaye shi ko yana da sauran wata hujja da bai kawo ba. Wannan tambaya ita malamanmu na Malikiyya ke kira i'izari, kuma a wurinsu hukuncin da aka zartar ba tare da ita ba abin warwarewa ne, ko da kuwa ya dace da gaskiya. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin al'adar zaman kotu kawai, kamar cire takalmi a ƙofa, har sai da wani al'amari ya auku ina saurayi a Ƙauran Namoda, wanda ya sa na gane cewa a cikin wannan 'yar gajeriyar tambaya aka ajiye bambancin da ke tsakanin ƙisasi da ramuwar gayya.

Ranar Juma'a ce, 13 ga Fabrairu 1976, cikin watan Safar, hunturu bai gama sakin gari ba, ana kuwa tsakiyar hada-hadar auduga a bakin tasha, inda layin dogo ya zo ya tuƙe tun 1929. Kwana goma kacal kafin nan Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohin ƙasa 19, muka kwanta a Jihar Arewa maso Yamma muka tashi a Jihar Sakkwato, bakin mutane bai ma gama sabawa da sabon sunan ba. Ina zaune a shagon wani tela mai rediyo, irin wadda ake ɗinka wa rigar fata, sai muka ji kiɗan soja ya ƙi ƙarewa, sa'an nan wata murya ta shiga magana da Turanci. Wani malamin makaranta da ya zo karɓar ɗinkinsa ya fassara mana cewa wani Laftanar Kanar Dimka ne ke shelar an kifar da gwamnati, kuma ya sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Telan ya ɗage ƙafa daga kan keke ya ce, "Wannan wane irin mai mulki ne, da zai kulle mutane da rana ya sake su da dare?" Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin daga baya labari ya tabbata cewa tun da safe aka tare Murtala cikin cunkoson motoci a Ikoyi, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan ba tare da jerin masu gadi ba, aka buɗe wa baƙar marsandinsa wuta, aka kashe shi tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa, a Kwara kuma aka kashe gwamna Kanar Ibrahim Taiwo. Shekarun Murtala 37 a duniya, mulkinsa kuwa bai cika wata bakwai ba.

Wanda bai ga wannan zamani ba zai yi wuya ya fahimci irin son da talakawa suka yi wa mutumin nan, domin cikin 'yan watannin nan ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin rashawa ko lalaci ko tsufa, ya zartar da mai da babban birni Abuja, ya yanka wa soja ranar komawa bariki, wato 1 ga Oktoba 1979, har akawun da a da sai hantsi ya dubi ludayi yake zuwa ofis ya koma riga rana fitowa. Mun so shi saboda saurin hukuncinsa, ba mu kuwa tsaya tambayar ko cikin dubban nan da aka kora akwai wanda aka zalunta ba. Saboda haka da aka kai shi Kano aka rufe, abin da zukatanmu suka nema shi ne a yi wa makasansa irin wannan sauri, har ma a fi.

Aka kuwa yi. Juyin mulkin bai kai dare ba ya wargaje, Dimka ya sulale daga gidan rediyo ya yi mako uku yana ɓuya kafin a kama shi kusa da Abakaliki a farkon watan Maris. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, da kotun soja ta musamman wadda ta yi zamanta ƙofa a rufe, babu ɗaukaka ƙara, iyaka dai Majalisar Ƙoli ta Soja ta duba hukunci ta tabbatar. Ranar 11 ga Maris, kwana 27 bayan kisan, aka harbe mutum 32 a Legas, waɗansu a bakin teku gaban ɗimbin 'yan kallo, waɗansu a kurkukun Kirikiri, cikinsu har da Kwamishinan Tsaro na ƙasa, Manjo Janar Iliya Bisalla. Ranar 15 ga Mayu aka ƙara harbe bakwai, cikinsu da Dimka kansa da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Jihar Binuwai da Filato.

Ranar 11 ga Maris ɗin nan Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, na kuwa tuna yadda motocin da suka dawo daga can suka tarar da gari yana ta maganar, kowa na cewa alhaki kwikwiyo ne. Kashegari bayan Asuba na je zauren malaminmu, wani tsoho wanda ya yi shekaru yana muhutin alƙali kafin ganinsa ya raunana, na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, an harbe su, Allah ya isar wa Murtala." Ya yi shiru yana jan tasbaha har na zaci bai ji ba, can sai ya ce, "Su nawa?" Na ce talatin da biyu. Ya ce, "Su nawa suka harbi motar?" Na rasa amsa. Sa'an nan ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ke fitowa ya ce, "Yaro, wa yaj ji i'izarinsu?" Na tashi raina a ɓace, ina ganin tsohon nan yana neman wa azzalumai mafita, sai da shekaru suka ja kafin in gane cewa shari'a yake nema wa mafita daga hannun fushinmu.

Kada mai karatu ya zaci fiƙihu yana da sassauci ga wanda ya yi irin aikin Dimka. Kalmar nan da muke cewa kisan gilla daga Larabci muka aro ta, ma'anarta kuwa kisan da aka yi da yaudara da kwanton ɓauna, inda wanda aka nufa ba shi da halin kare kansa ko neman agaji. Risala, wadda kowane almajiri a zaurukan Ƙaura da Zurmi ya bi ta kanta, ta bayyana cewa irin wannan kisa babu afuwa a cikinsa, domin ya fita daga haƙƙin magada ya koma haƙƙin jama'a, ko 'ya'yan mamaci sun yafe shugaba ba zai yafe ba. Haka kuma mazhabarmu ta tafi a kan cewa ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa baki a kan kashe shi, hujjarta kuwa hukuncin Sayyidina Umar a kan waɗansu mutanen San'a'a da suka taru suka halaka mutum guda, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Don haka yawan waɗanda aka harbe, shi kaɗai, ba aibi ba ne a shari'a, Dimka kuwa da bakinsa ya shelanta wa duniya aikinsa ta rediyo, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Amma fa shari'ar da ta tsananta hukunci ita ce kuma ta ƙuntata ƙofar da ake bi a kai ga hukuncin, domin gwargwadon girman abin da za a karɓe wa mutum, gwargwadon nauyin hujjar da ake bukata. Daga cikin ƙa'idodin da malamai suka kafa akwai cewa iƙirari hujja ce wadda ba ta ƙetare mai yin ta, wato wanda ya ce na yi, an kama shi da maganarsa, amma in ya ƙara da cewa da wane muka yi, wannan ƙarin ya zama shaida, shaida kuwa ba a karɓarta sai daga adili, wanda ya amsa laifin kisa kuwa adalarsa ta riga ta faɗi. Hikimar wannan a fili take, gama wanda ya tabbata ruwa zai ci shi ba ya zaɓen abin da zai kama, yana iya ambaton babba don ya rage wa kansa nauyi, ko don tsohuwar gaba, ko don ya faranta wa masu tambaya rai. To, Bisalla, wanda Dimka ya ambata bayan an kama shi, bai cika mako guda ba aka ɗaure shi jikin turke, ya kuwa tafi yana musun laifin. Gomwalk ma har yau mutanensa a Filato ba su gamsu ba. Ni ba na wanke kowa, ba na kuma tuhumar alƙalan da suka zauna da mugun nufi. Abin da nake cewa shi ne, da yake an rufe ƙofa, jama'a ba ta ji hujjar da aka ɗora waɗannan hukunce-hukunce a kanta ba, ba ta ji abin da waɗanda ake tuhuma suka mayar ba, saboda haka wanda ya gaskata da zato ya gaskata, wanda ya ƙaryata shi ma da zato ya ƙaryata, zato kuwa ba ya kashe wutar gaba.

Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, cewa mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara a cikinta, ba a kuma karɓar shaidar abokin gaba a kan abokin gabarsa, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Manyan hafsoshin da hukuncin ya koma hannunsu don tabbatarwa su ne waɗanda masu juyin mulkin suka yi niyyar kashewa ran nan, Allah ya kuɓutar da su, abokinsu kuma shugabansu ne aka kashe, jininsa bai bushe a zukatansu ba. Ko da mutum ya kai Ƙadi Shuraihu adalci, ɗora masa irin wannan nauyi cikin irin wannan hali zalunci ne a kansa shi kansa, balle a kan wanda ke tsaye gabansa.

Na san abin da mai hankali zai mayar mini, na kuwa yarda magana ce mai nauyi. Zai ce, ka manta 1966? Ranar 15 ga Janairu, cikin watan azumi, aka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Birgediya Zakariya Maimalari da waɗansu manyan hafsoshi, Janar Ironsi ya kama Manjo Nzeogwu da 'yan'uwansa ya ajiye su a kurkuku, wata shida ba a gurfanar da ko ɗaya ba. Da mutane suka ga jini ya zuba babu mai tambayarsa, sai kowa ya zama alƙalin kansa. Ranar 29 ga Yuli aka kashe Ironsi a Ibadan, Murtala kuwa yana cikin jagororin wannan ramuwa, aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa har zuwa 1970. Ina yaro na ga maƙwabtanmu na wajen tasha suna ɗaure kaya cikin dare, waɗansunsu ba mu sake ganinsu ba. Waɗanda suka riƙe mulki a 1976 sun ga wannan da idonsu, suna tsoron in suka yi jinkiri barikoki su sake kamawa da wuta, larura kuwa tana halatta abin da aka hana.

Gaskiya ne, sai dai malaman da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne kuma suka ce ana auna ta da gwargwadonta. Larura za ta iya wajabta a kama mutum a tsare, a gaggauta fara shari'a, a ɓoye abin da ya shafi sirrin tsaro, amma da wuya a ce ta wajabta a kashe wanda yake ɗaure cikin kurkuku, ba makami a hannunsa, kafin a natsu a tace maganar da aka faɗa a kansa. Laifin 1966 tafriɗi ne, wato sakaci da haƙƙin wanda aka kashe, abin tsoro a 1976 kuwa ifraɗi ne, wato wuce iyaka wajen karɓo masa haƙƙi, Suratul Isra'i kuwa a aya guda ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, a cikinta kuma ta gargaɗe shi da ƙetare haddi. Wanda ke son ya ga abin da jinkiri ke iya yi, ya dubi Janar Yakubu Gowon. An ambaci sunansa a cikin wannan makirci yana karatu a Jami'ar Warwick, gwamnati ta nemi Ingila ta miƙo shi ta ƙi, aka tuɓe masa muƙami. A 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa, a 1987 aka mayar masa da muƙaminsa, ya dawo ya tsufa cikin mutunci ana kiransa dattijon ƙasa. Tsakaninsa da turken bakin teku babu komai sai nisan ƙasa da 'yan shekaru. Mai rai ana iya sake duba maganarsa, a mayar masa da abin da aka karɓe, amma wanda aka rufe babu dokar da za ta tono shi a ba shi haƙuri, shi ya sa magabata suka ga kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen uƙuba.

Wannan jarrabawa kuwa ba da mu ta fara ba. A shekara ta 23 bayan Hijira Abu Lu'ulu'a ya soki Sayyidina Umar yana limancin Asuba a Madina, sai ɗansa Ubaidullahi, cikin zafin rashin uba, da ya ji an ce an ga makashin suna ganawa da Hurmuzan da Jufaina, ya zare takobi ya kashe su duka biyun, ya haɗa da 'yar Abu Lu'ulu'a, yarinya ƙarama. Wannan ita ce shari'a ta farko da ta zo gaban Sayyidina Usmanu bayan an yi masa mubaya'a, ba kuwa shari'ar makashin halifa ba ce, shari'ar mai ramuwa ce. Sayyidina Aliyu ya ga a yi ƙisasi a kan Ubaidullahi, waɗansu suka ga ya yi nauyi a kashe uba jiya a kashe ɗa yau, Usmanu ya biya diyya daga dukiyarsa. Sun saɓa a kan hukunci, amma babu wanda ya ce girman Umar ya halatta jinin da aka zubar da sunansa bisa zato. Shekara 17 bayan haka, cikin Ramalan na shekara ta 40, Ibn Muljam ya sari Aliyu kansa a masallacin Kufa, abin da malaman tarihi suka ruwaito kuwa shi ne, yana kwance da raunin da zai yi ajalinsa ya yi wasiyya a ciyar da fursunan a kyautata ɗaurinsa, in ya rayu shi zai ga abin da zai yi da shi, in ya mutu a yi masa sara ɗaya madadin sara ɗaya, kada a yi masa musula, kada kuma danginsa su kutsa cikin jinin Musulmi da hujjar an kashe Sarkin Musulmi. Wanda aka sara shi ne ya tsaya yana shata wa masu ƙaunarsa iyaka, domin ya san jinin shugaba abin so ya fi kowane jini saurin jawo wani.

Ban ɗauko wannan tsohon zance don in tayar da ƙurar da ta kwanta ba. Na ɗauko shi ne domin mu mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi yau muna zaune a cikin amsarsa. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna kashe manomi a gonarsa, su sace matarsa, ba a ga an gurfanar da kowa a bainar jama'a ba, wannan shi ne tafriɗin 1966 a ƙauyukanmu. Sa'an nan 'yan sa-kai, waɗanda da yawansu an kashe musu uba ko ƙane, su tare mutum a kasuwa saboda wani ya nuna shi da yatsa, ko saboda kamarsa da harshensa, su yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki, danginsa kuma su shiga daji su dawo da dare, wannan shi ne aikin Ubaidullahi ba tare da wani Usmanu da zai zauna a kansa ba. Kowane ɓangare yana riƙe da lissafin gawarwakinsa, kowa kuwa gaskiya yake faɗi game da abin da aka yi masa, abin da aka rasa shi ne zauren da za a zaunar da mai laifi, a kira shaidu, a ji ta bakinsa a gaban kowa, domin wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya ga an bi masa haƙƙi, dangin wanda aka hukunta su ma su ji da kunnensu abin da ya aikata, su rasa abin da za su gaya wa 'ya'yansu sai gaskiya.

Malamin nan ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, ban kuma taɓa komawa na gaya masa na fahimci tambayarsa ba. Amma duk sa'ad da takardar naira ashirin ta shigo hannuna na ga fuskar Murtala, nakan yi masa addu'a kamar yadda muka yi masa a masallacin Juma'a shekarar da aka kashe shi, sa'an nan in tuna wata rana da na raka wani ɗan'uwana kotu a nan Ƙaura a kan jakin da aka ce ya saya bai biya ba. Shaidu sun tabbatar, shi ma jikinsa ya yi sanyi, kowa ya san inda hukunci zai faɗa, rana ta take, mutane sun ƙosa su tafi sallah. Duk da haka alƙali ya ajiye alƙalami, ya kira mutum biyu su matso su shaida, ya dubi ɗan'uwan nan nawa ya ce, "Malam, kana da sauran magana?" Ya jira har sai da ya ce babu.